Gajera Ta Dawo Gida, Mai Ita Bai Dawo Ba

Shi ne ya kore ni, ko kuwa ni ce na gudu na bar shi? Damina biyu ke nan ina juya wannan tambaya, a bakin turmi da kan sallaya, ban samo amsarta ba. Ku kuwa ba ita ce ta dame ku ba. Tun ina cikin takaba kuke shigowa da "Allah ya jiƙansa" a baki, kafin tabarma ta yi ɗumi kun koma tambaya: wai da gaske ne matan Jos na sa wando, wai jirgin ƙasa yana da makewayi a ciki. Na gaji. Shi ya sa na roƙi Mushe Illa, malamin nan mai koyar da yaƙi da jahilci, ya zo da alƙalaminsa. Ni ban san ko baƙi ɗaya ba. Zan faɗa sau ɗaya ya rubuta, wadda ta ƙara tambayata ta je ya karanta mata. Ya ce in na fara kuka zai dakata. Na ce kada ya dakata, in ba haka ba sai mu kai kaka ba mu gama ba.

Saboda waɗanda ba 'yan garinmu ba, bari in fara da Gajera. Ganga ce, gajeriya mai kauri, ta itacen ƙirya. Kakan kakan maigidana ya sassaƙe ta tun gidan suna arna. A ƙauyenmu, can bayan Buza, in an yi ruwan shuka ba mai zuba iri sai an fitar da ita gindin dutse an buga ta. Mun musulunta tun tuni, an bar yanka, an bar sauran abubuwa, amma wannan ba a bari ba. Kuma a gidan, hannun maigidana ta faɗo.

Sunansa ba zai fita daga bakina ba, ko yanzu da yake cikin ƙasa. Makaɗi nake ce masa. Shi kuma tun ranar da aka kawo ni bai taɓa ce mini komai ba sai 'yar Azarori. Azarori garin iyayena ne. Na same shi yana yi wa manoma kiɗan gayya. Faransawa suka ɗauke shi soja, bai harba bindiga ko sau ɗaya ba, tambur, gangar soja, suka rataya masa a wuya. Da ya dawo ya koma yi wa 'yan kokawa kiɗa daga Buza har Keita, ranar kasuwa kuma ya yi wa kwamanda shela. Daga nan sai Yamai, wai ya shiga orkes, yana buga wani abu mai suna batiri, ganguna da yawa mutum ɗaya. Duk da haka kowace bazara yana dawowa ya jira ruwa, ya buga Gajera, ya koma. Wata shekara ya buga ta da safe, da yamma ya sa ta cikin buhu ya hau kamyo, babbar motar kaya. Labarin da muka ji daga baya, yana Najeriya, a ƙarshe wai Jos. Shekara goma sha huɗu bai taka garin nan ba.

Amma bai fasa aike ba. Kowace kaka 'yan cin rani za su kawo mini turmin atamfa da sabulu, da saƙo guda, kullum shi ne: "A ce wa 'yar Azarori ta aiko da fatar bana." Ni kuma, wawuya, in nemi fatar ɗan akuya, in jiƙa ta da toka, in kankare gashin, in rataye ta saman murhu ta bushe, in ba masu komawa. Ina cewa ko ba komai Gajera ba ta zauna tsirara ba.

Sai ruwa ya ƙi, shekara biyu a jere. Kun san abin da muka ci, ba sai na faɗa ba. Magana ta fara daga bakin rijiya: tun da Gajera ta bar gari albarka ta bi ta. Liman ya ce ba haka ba ne, ruwa na Allah ne, amma a hankali ya faɗa. Rannan Yaya Arzika, wan maigidana, babban gida, ya tsaya ƙofar ɗakina ko sallama bai ƙarasa ba.

"Ke, 'yar Azarori. Ke ɗai ta ka jin labarinai. Ki tahi ki ɗauko ta."

"Yaya, ni na ba shi? Ƙanenka na. Kai mi ya hana ka tahi?"

"In na tahi wa za ya riƙe gida? Ki ji ni da kyau. In anka yi ruwan shibka bana gangar ga ba ta cikin gari, ki san inda za ki. Ɗaki da gona na gidanmu na."

Maza biyu na haifa, duka suna kwance a bayan gari. Mace ɗaya ta rage, tana aure a Keita. A Azarori ba wanda ya rage mini sai kaburbura. Shekara talatin da bakwai ina ɗaukar ruwa a gidan nan, ga abin da aka faɗa mini ina tsaye da muciya a hannu. Na sayar da tunkiyata. Na ƙulle garin gero da fatar bana, da kwalin faifan da ya taɓa aiko mini mai hotonsa, na fita.

Daga Buza zuwa Madawa kamyon kasuwa na hau, mu da buhunan kanwa da mutanen da yunwa ta kora. Sau uku muka sauka muka tura shi. A tashar Madawa na gamu da Kande, 'yar Bangi, mai fataucin daddawa, mace mai baki kamar rediyo. Ita ta gaya mini an rufe iyaka, mota ba ta wucewa.

"Inna, kina da takarda?"

"Wace takarda?"

"To madalla, ni ma ba ni da ita. Ki biyo ni."

A gidanta na kwana. Da sassafe muka bi gulbi a ƙafa, busasshe ƙayau, mu mata tara. Ta ce in an tare mu in ce gaisuwar mutuwa za ni Sabon Birni, kada in ƙara ko kalma. Aka kuwa tare mu. Wani mai kaki, zaune gindin kurna da bindiga a cinya, ya dube ni.

"Tsohuwa, ina zuwa?"

"Gaisuwar mutuwa."

"Wa ya rasu?"

Wannan kuwa Kande ba ta koya mini ba. Abin da ke cikina shi ya fito. Na ce, "Bai mutu ba tukuna. In na kai can ni zan kashe shi."

Ya yi dariya har bindigar ta zame. Ya ce in wuce, in gaida mamacin. Kande ta yi ta ba mutane labari har Sabon Birni. Ni ma na yi dariya a ranar. Allah ya yafe mini wannan baki.

Daga Sabon Birni mota ta kai ni Ƙaura, inda jirgin ƙasa yake ƙarewa. Na sauka gidan wani Ba'adare mai saukar da baƙi. Matarsa ta kawo mini tuwon masara fari fat da miya ja mai manja, na ci don yunwa, amma har na kwanta cikina yana tambayar ina hura. Mutanen can sai su yini ba su sha ta ba, kuma suna yawo kamar lafiyarsu lau. Saboda haka da na shiga jirgi washegari na ce zan yi wa kaina gata. Na fito da ƙwaryata, na zuba gari, na sayi nono ta taga, na fara damu. Jirgin ya yi wata girgiza, hurar nan ta tashi gaba ɗaya ta sauka a cinyar wani akawu mai farin wando da ke fuskantata. Ya miƙe yana zuba Turanci. Na ce, "Ɗana, yi haƙuri, tuɓe in wanke maka." Duk taragon ya kwashe da dariya, shi kuwa bai sake dubana ba har Zariya. E, akwai makewayi a ciki. Rami ne kana ganin ƙasa tana gudu. Ban shiga ba.

Tsakanin Zariya da Jos ne raina ya fara ɓaci na gaske. Mota tana hawa, ƙasa tana yin kore. Kafin la'asar sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ga ruwa yana gudu a lambatu, ba mai tara ko kwano, mutane ma tsaki suke yi suna buɗe laima. Mu da muka binne yara saboda rashinsa! Kuma na san ruwa daga kudu yake tasowa. Wanda ya jiƙa ni a tashar Jos, shi ne yake kan hanyar zuwa garinmu, ni kuwa ko gangar ban gani ba.

Jos gari ne mai sanyi, bazara amma sai da na lulluɓa da zane biyu. E, na ga mata da wando. Na ga alade yana kiwo kamar tunkiya. Suna jin Hausa duka, amma tasu ba ta da gishiri. Na nemi inda 'yan ƙasarmu suke, aka nuna mini masu shayi a bakin kasuwa. Nan na sha wahala. Duk wanda na ce ina neman maigidana sai ya ce, "Sunansa?" In ce, "Ba na faɗi." Wani ɗan garin ya ce, "Mama, kin zo daga Nijar neman mutum ba ki san sunansa ba?" Na ce na san shi tun uwarka ba ta yi wayo ba, faɗi ne ba na yi. Har na fara tunanin in runtse ido in faɗa, sai na tuna da kwalin faifai. Maza biyar ne a hoton, huɗu samari masu gashi kamar kwandon kaji da wanduna masu faɗin ƙafa, shi kuma a baya, da furfura da sanduna biyu. Wani mai shayi ɗan Urno, Malam Hamidu, ya karɓa ya duba.

"Kai! Baba Nijar! Inna, ke ta matar Baba Nijar?" Sai kuma fuskarsa ta canza. "Ba a gaya miki ba?"

Ba a gaya mini ba. Wata biyu ke nan da ya faɗi a kan kujerar kiɗa. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi.

Malam Hamidu ya kai ni shagon wani Inyamuri mai gyaran rediyo, Sande, ɗaya daga cikin samarin hoton, yanzu gashin ya zube. Shi da matarsa ke jinyarsa a wani ɗaki bayan shagon. Na shiga. Mutumin da yake ɗaga Gajera da hannu ɗaya, ga shi kwance kamar tsumma, baki ya karkace. Ya daɗe yana kallona.

"'Yar Azarori," ya ce. "Kin tsuhwa."

Tun daga Buza nake shirya abin da zan faɗa masa. Na faɗa duka, ban rage ba. Na gaya masa wa ya mutu da wa ya mutu. Na gaya masa uwarsa ta cika tana kallon ƙofa. Na gaya masa abin da muka ci bara, da abin da wansa ya faɗa mini a ƙofar ɗaki. Sande da matarsa suka fice. Shi kuwa yana ji, yatsun hannun hagunsa suna bugun gefen gado a hankali. Na ce, "Ina yi maka magana kana yi mini kiɗa?" Ya ce, "Ba ni na ba, hannun na."

Matar Sande mace ce ta kirki. Ta ba ni tabarma a ɗakin, ta kawo mini sakwara da wata miya mai yauƙi, ta nuna mini yadda ake haɗiyewa ba tauna. Washegari muka ɗaga shi don mu shanya katifa. A ƙarƙashinta na gan su, shimfiɗe ɗaya kan ɗaya. Na san aikin hannuna. Na ƙirga, goma sha huɗu, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Mi ne ne wannan?"

Ya juya fuska bango.

"Shekara goma sha huɗu ina kankarar hwata har yatsuna na jini! Bara akuya ta hi mutum tsada, na nemo! Mi Gajera ke sanye da shi?"

Sande ne ya amsa daga bakin ƙofa. "Mama, roba ne. Fata ba ya son sanyin Jos, yana saki. Tun da daɗewa Baba ya sa mata roba."

"To don mi kake aike?"

Bai amsa ba, ranar nan ko wata rana.

Da rana Sande ya zaunar da ni a shago ya ba ni labarin shekarun da aka sace mini. Ya ce bayan yaƙin basasarsu ne suka gamu da Makaɗi a Kaduna. Su samari ne masu gita ta lantarki, suna kiɗan da ake ce wa rok, na Turawa, mai ƙara kamar aradu. Mai gangarsu ya gudu, sai ga wannan dattijo ya ce a gwada shi. Suka yi masa dariya. Ya zauna, ya kafa Gajera a gefen sauran gangunan, kafin ya tashi ba mai dariya. Sun yi Legas, sun yi Inugu, sun yi barikokin soja, sun yi faifai biyu. Ya ce mutane kan bar rawa su tsaya kallon hannunsa. Da zamani ya juya, masu otal suka gane kaset ya fi mutum biyar arha, ƙungiyar ta watse. Makaɗi ya yi tsaron ƙofar silima, ya yi gadi, ya yi wa 'yan dambe kiɗa, ran Lahadi har coci ya yi wa kiɗa, jikan arna, mai salla biyar. A ƙarshe wani otal ya ɗauke shi, can ya faɗi.

Sai Sande ya sa mini faifan. Hayaniya ce, kamar an zuba kwanoni a rijiya, wani yana ihu da Turanci. Na ce ya kashe. Kafin ya kai hannu sauran suka yi shiru, ganga ta rage ita kaɗai. Kiɗan shuka ne, na gindin dutse, wanda ake yi sau ɗaya a shekara, mata suna tsaye da ƙwaryar iri a ka.

"Wannan ne mutane suke so," in ji Sande. "Kuma duk shekara ranar ruwan farko, ko wane waƙa muke yi, Baba zai juya kujera ya dubi arewa ya buga shi."

Ya zaci zan ji daɗi. Na ce, "Arewa ba ta ji ba. Mashaya sunka ji."

Gajera tana otal ɗin. Da la'asar Sande ya raka ni, lokacin da masu kiɗa ke gwaji, ba kowa sai kujeru da warin giya. Na gan ta a kan dandamali, tsakanin ganguna masu ƙyalli da faya-fayan tagulla. An shafe ta da jan fenti, an huda cikinta an ɗaura mata ƙafafun ƙarfe uku, an rufe bakinta da farar roba. Kamar a ɗauki kakarka a sa mata jan baki a tsayar da ita a kasuwa. Mai otal ya fito, ƙato mai zobba, ya ce duk abin da ke kan dandamalin nan nasa ne, da kayan ya ɗauki Baba aiki.

"Ya sayar maka da ita?"

"Mama, ba ruwana da wannan. Kayan otal ne."

Na hau dandamalin, na zauna dirshan, na rungume ta. Ya ce zai kira 'yan sanda, ga ni baƙuwa ba takarda. Na tuna ba ni da inda zan koma in ba ita. Na cire ɗankwalina na ajiye, furfurata a waje.

"Kira su. Amma ka ji. Kakannin mai gangar ga arna na. Jinin da ta sha ya hi giyar da ka sayar tun da kake. Wanda ya fitar da ita daga gida, je ka ga yadda yake kwance, shi da ya gaje ta ke nan. Kai da ba ka gada ba, riƙe ta."

Allah ya sani ban yarda da rabin abin da na faɗa ba. Amma mai bugun gangunan otal na yanzu ya tashi daga kujera ya koma can gefe, ya ce shi dama tun da ya zo bai taɓa ta ba. Mai otal ya dubi gangar, ya dube ni, ya ce wa Sande, "Kwance mata abinta ku fita." Sande ya fito da abin kwance rediyo ya cire ƙafafun.

Da na shigo da ita ɗaki, Makaɗi ya miƙa hannun hagu ya shafa ta. Na ce, "To, ga ta. Saura kai. Tashi mu tahi." Sande ya ce likita ya hana, jininsa bai sauka ba, in aka sa shi a mota yanzu ba zai kai Zariya ba. A ba shi wata ɗaya.

Wata ɗaya! Kullum la'asar ruwa yana dukan kwanon ɗakin. Na yi kwana shida ina juya shi, ina wanke shi, ina dama masa hura da sauran garina, yana sha kamar jariri, ina yi masa faɗa yana bugun gefen gado. Ran na shida Malam Hamidu ya zo gaisuwa ya ce wani direba ya gaya masa an yi ruwa a Gusau, har an fara shuka. Daga Gusau zuwa garinmu ruwa ba ya daɗewa. Makaɗi ya ji. Washegari na ɗaure kayana.

Dawowa ba ta da labari. Na goya Gajera a baya da zane kamar jika, a jirgi wata mata har ta ce in gyara wa yaron wuya. Mai kakin nan na gindin kurna ya gane ni, ya ce, "Tsohuwa, kin kashe shi?" Na gyara goyona na wuce. Kwana huɗu na iso. Sama fes, ko girgije babu. Yaya Arzika ya karɓe ta ya juya, abin da ya fara faɗa shi ne, "Wa ya yi mata wannan fenti?" Sai da ya gama duba ramukan sannan ya tambayi ƙanensa. Aka kankare fentin, aka toshe ramukan da ƙaro, aka cire robar aka ɗaura ɗaya daga cikin fatun da na dawo da su. Aka zauna jiran ruwa.

Aka yi ta jira. Sati ɗaya, sati biyu. Ran kwana goma sha takwas wani ɗan Urno ya sauka da saƙon Malam Hamidu. Makaɗi ya cika kwana tara bayan tahowata. Masu shayi suka yi masa sutura, Sande ya tsaya daga nesa har aka gama. Ruwan shuka bai sauka a garinmu ba sai da na yi kwana ashirin da uku da dawowa.

Ku lissafa da kanku, ni na gaji da lissafawa. Da na zauna kwana taran nan, da na rufe masa ido da hannuna, in taho a hankali, in iske sama yadda na bar ta.

Ina cikin takaba aka buga Gajera a gindin dutse. Ɗan Yaya Arzika ya buga, yana tuntuɓe a tsakiya. Aka yi damina mai kyau, rumbuna suka cika. Kuka ce gangar ce. Liman ya ce Allah ne, wannan karon da ƙarfi. Yaya Arzika ya aiko mini da dami biyu, wai na yi ƙoƙari. Ɗakina yana nan, 'yar gonata tana nan, ba mai ce mini in tashi. Ina jin haushin Yaya, ina jin haushin kowace macen da ta yi magana a bakin rijiya, ina jin haushin Makaɗi da ya ɗauki abin gari ya kai wa mashaya, ya bar ni da biyan abin da ban ci ba. Wanda ya fi duka kuwa ba sai na faɗi ko na wa ba ne. Duk ranar da za a fitar da gangar, ina shiga ɗaki in rufe ƙofa.

Saura safiyar da na taho. Mushe, rubuta wannan yadda na faɗa, kada ka gyara.

Na goya Gajera, na naɗe fatun nan goma sha huɗu, na ɗora ta bana a kai zan ɗaure. Na tsaya a bakin gadon. Da ya ce zauna, wallahi da na kwance goyon nan, ɗaki da gona su tafi. Na ba shi lokaci. Na gyara ɗaurin zane sau biyu, na sake duba ƙullin da na riga na duba. Na ce, "To, ni zan tahi." Na ƙara cewa, "In ka ji sauƙi Sande ya sa ka mota." Yana kallon rufin ɗaki, yatsun nan suna bugun gado. Sai ya daina. Ya miƙo hannun hagu, na zaci ni yake nema, har na matsa. Ya kama gefen fatar da ke sama, ya ja ta zuwa ƙirjinsa.

"Tahi da sauran, sun ishe ku. Ta bana ki bar mini, har yanzu tana warin hayaƙin ɗakinki. Tahi, 'yar Azarori, kada ruwa ya riga ki."